Mun Bi Sawun Tono Har Arewacin Tanout

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Damagaram, ni da ƙanena, a tsohuwar motar wani abokina mai buɗaɗɗen baya. Mun ɗaure sababbin tono guda biyu, wato duron roba na zuba ruwa. Jandarman da ke bakin gari ya ɗauka kasuwa za mu ci. Alhali kuwa kyauta za mu je mu karɓo daga hannun wanda aka ba, kuma ban san tafiyar da ta fi wannan nauyi ga ɗan ƙasar Damargu irina ba.

Bari in warware muku. Ƙanen nan nawa injiniya ne, yana aiki a wani dandamalin haƙar mai a tsakiyar teku, can ƙasashen kudu. Shekarar da ya fara ɗaukar albashi ya sayi shuɗɗan tono biyu a hannun 'yan gwanjo na bakin tashar jiragen ruwa, ya cusa musu shinkafa da atamfa, ya aiko wa kawunmu da ke wani ƙauye kusa da Belbeji. An ci shinkafa, an ɗinka atamfa, tono suka koma na ruwan sha. Sai bana aka mayar da shi sashen da ke kula da sharar dandamalin. A can ya gane cewa irin waɗannan tono wani magani ake kawowa a cikinsu, wanda ake ɗura wa bututun mai don kada ya yi tsatsa. Roba tana shanye shi, wanki ba ya fitar da shi. Ƙa'idar aikinsu ita ce da an juye a huda tonon, a mayar da shi tudu a lalata, amma wasu suna sulalewa ba a huda ba su faɗa kasuwa. Ya kira Kawu a salula ya yi masa bayani. Kawu ya ce tono lafiyarsu ƙalau, Allah ya yi albarka, ya kashe. Tun ranar hankalin yaron nan bai kwanta ba har ya samu hutu.

Hanyar Tanout gudoro ce, wato kwalta, amma irin gudoron da sai da addu'a. Tankokin mai suna ta wuce mu, kowace ta zo sai motarmu ta yi rawa kamar za ta durƙusa ta gaishe ta. Da muka hangi matatar mai ƙanena ya shiga yi mini lacca, wai a wajensu yanzu iskar gas ɗin da a da ake ƙonawa ana mayar da ita cikin rijiyar da ta fito. Na yi ta gyaɗa kai. Ni da ko kogin kirki ban taɓa tsallakawa ba, ina zan gane rijiya a ƙarƙashin teku? A Bakin Birji muka karya da waina da shayi, mai shayin yana ta mitar tsadar sukari kamar mu muka ƙara masa kuɗi.

Daga baya muka bar gudoro muka yi yamma. Bazara ce tsagwaronta. Kwarin Tarka ya bushe ƙayau, sai aduwa da bagaruwa jefi-jefi, da awaki tsaye a kan ƙafafun baya suna neman ganye. Duk jakin da muka gamu da shi bido ne, wato jarkokin ruwa, rataye a jikinsa, biyu nan biyu can, da mace a bayansa. A ƙasar nan wanda yake da abin zuba ruwa babba shi ne mai hutu, don shi kaɗai ke iya tsallake yini guda bai je rijiya ba.

Mun isa gidan Kawu da azahar. Tun daga zaure na hango tonon a ƙarƙashin rumfa, an ɗora shi kan duwatsu, an rufe bakinsa da faifai. Matar Kawu, wadda muke kira Inna, ta ɗebo ruwa daga cikinsa a gabanmu, ta dama fura, ta miƙo. Ƙanena ya dube ni, na dubi rufin rumfa. Ya yi bismilla ya sha, ni ma na sha. A jikin tonon akwai hoton mataccen kifi da busasshen icce, alamar guba ke nan a wajen masu aikin, amma Inna ta ce ita ta ɗauka shaidar ya fito daga ƙasar ruwa ne. Ta ƙara da cewa da fari ruwan yana ɗan ɗaci, daga baya ya daina, ko kuma su ne suka saba. Wannan maganar ta soke ni, don jikokinta uku na zaune a gabanmu.

Kawu ya saurari bayanin duka yana shafa gemu.

"Wato ka zo karɓar abin da ka ba ni."

"Kawu, musanya na zo yi. Ga sababbi can a mota."

"Na nan, ɗauka. Ɗayan ba ya hannuna."

Ashe ya ba wani amininsa Bafulatani, wanda ke riƙe masa shanu shekara da shekaru, shi kuma ya yi arewa da garke, can bayan Tanout. Ƙanena ya ce a yi mana kwatance mu je. Kawu ya ce a'a, hannun da ya bayar, bakinsa ne zai je ya roƙo. A nan na gane kunyar da muka ɗauko daga Damagaram a kan tsohon nan za mu sauke ta, shi da bai yi laifin komai ba.

Da safe aka fara da tonon gida. Inna ta nemi a bar mata tonon ta zuba hatsi, ƙanena ya ce ba zai yiwu ba. Ta ce to ruwan awaki, ya ce nonon awakin wa zai sha? Ya sa wuƙa ya farke shi a wuri uku, muka jefa a mota. Ya roƙe ta ta kai yaran likita a Belbeji a duba su, ta ce to, irin to ɗin da ban gamsu da ita ba, sai da Kawu ya maimaita.

Daga Belbeji zuwa Tanout rairayi muka sha. Sau biyu muna kafewa, sau biyu ina tura mota da ƙafar da ta saba da kujerar ofis. Kawu na gaba, carbi kawai yake ja. A kasuwar Tanout muka sayi cuku da dabino, shi kuma ya shiga wajen dillalan dabbobi. Kafin mu shanye shayi ya dawo da sunan rijiyar da mutumin yake da kuma ranar da ya sauka. Labarin makiyayi a kasuwar dabbobi ya fi salula sauri.

Mun same shi da la'asar sakaliya, dogo, siriri, ya manyanta. Ya rungume Kawu, aka shimfiɗa tabarma, aka yi gaisuwar da ta tambayi kowace saniya. Tonon na kan amalanke, cike fal. Rijiyar tasu tana da zurfin da sai jaki ya ja igiya ya yi nisa kafin guga ya leƙo, kuma tun safe matarsa take wannan aikin. Sai da aka sha shayi na uku Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Aboki, abin da na ba ka, ashe cuta na ba ka ban sani ba. Na zo in karɓa." Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

Bafulatanin ya ce babu komai, a juye ruwan a sabon. Ƙanena ya ce, "Baffa, ruwan ma ba zai shawu ba. Sai an zubar, nesa da rijiya, inda dabba ba za ta lasa ba." Matar ta juya mana baya. Mutumin ya daɗe yana kallon tonon, sannan ya tashi ya ɗaura wa jaki amalanke, ya ja shi can bayan wani tudu, muna biye. Bai bari kowa ya taɓa ba. Da hannunsa ya kifar da shi, rairayi ya shanye wahalar yini guda kafin ka ce me.

Mu muka cika sabon. Ni na kora jaki, injiniya ya karɓi guga, har tafukansa suka yi bororo. Yana aiki yana ba tsohon labarin masunta na bakin teku, yadda in mai ya tsiyaye yake shimfiɗuwa a kan ruwa, taru ya fito baƙi, kifi ya yi wari, da yadda ake kewaye shi a kwashe abin da ya kwasu. Tsohon ya saurara, sannan ya ce, "Ni ka ga na zubar da nawa na ɗebi wani. Su kuma nasu ruwan, ina za su kifar da shi?" Ƙanena ya ci gaba da jan guga.

Washegari muka mayar da Kawu gida, muka kamo gudoro, muka shiga Damagaram ana kiran magariba, da fasassun tono biyu da zai kai inda ake lalata irinsu. Na gaji liƙis, amma ban yi da-na-sanin tafiyar ba. Da ina ɗauka abin da ake yi a teku sai dai mu ji shi a rediyo, ashe yana iya shigowa har cikin furar Inna. Na kuma gane cewa huda tono, aikin da bai kai minti guda ba a wajensu, in wani ya yi kasala ya bar shi, tsofaffi biyu ne a Damargu za su biya da kunya da ƙishirwa. Ƙanena ya koma bakin aiki jiya. Ya ce mini tambayar Bafulatanin nan har yanzu bai samo mata amsa ba, kuma ba ya fatan ta bar shi ya huta.