Ranar Da Na-Tafe Ya Toshe Kunnensa

Duk danginmu babu mai tuna ranar da aka daina kiran ɗan kawu da ainihin sunansa. Na-Tafe kowa ke ce masa, har uwar da ta haife shi. Dalili kuwa, ko dubiya ya je asibiti, kafin ya tashi sai ya sunkuya ya gaya wa mara lafiya ya daure ya warke, don akwai wani fim na tafe wanda idan ya fito sauran finafinan duniya sai sun nemi wurin ɓuya. Goggo ta rantse ko haihuwarsa sai da ya wuce lokaci, wai yana ciki yana jiran a gama talla.

Makaranta ya yi ta iyakar inda ta iya da shi. Da kawu ya ga littafi ba ya shiga, surutu kuma ba ya ƙarewa, sai ya kai shi koyon aski, ya ce ita kaɗai ce sana'ar da baki da hannu ke aiki tare ba mai cin wani. Allah ya sa hannunsa na da kyau. Yau ga shi da shagonsa, jikin shagon Tela, kujera biyu, ɗaya an tokare mata ƙafa da bulo, da madubi tun daga wannan bango har wancan. Hotunan salon aski da ya liƙa tun farko duk hotunan fim sun binne su. Idan baƙo ya ɗaga yatsa zai nuna irin askin da yake so, sai ya ga yana nuna wani ƙato yana tsalle daga mota mai ci da wuta.

Shi fa fim ɗin da bai fito ba ya fi so. Ɗan guntun tallan da ake saki kafin fim ya fito, Na-Tafe zai yi ta maimaita shi har wayarsa ta yi zafin da za a iya goge riga da ita. Ya tsayar nan, ya matso da can, ya leƙa bayan jarumi ya ga wa ke laɓe. Daga inuwar mutum a jikin bango sai ya fitar maka da tarihin kakansa.

Da abin ya tsaya nan, da kowa ya huta. Amma ranar da fim ya fito, shi ne na farko a layin silima, shi ne na farkon fitowa, kuma da gudu yake dawowa shago. Wanda duk ya zauna a kujerarsa ranar ya shiga uku. An ɗaure maka ƙyalle a wuya, an aske rabin kanka, injin na kuka a bayan kunnenka, ina za ka? Nan Na-Tafe zai zazzage maka wa ya mutu, wa ya ci amana, wa ya auri wa. Ka ce, "Don Allah kar ka faɗa, gobe zan je," ya ce, "Ai ba zan faɗa ba, kai dai ka sa ido a kan direban nan, shi ne ɓarawon." Tela ya fi kowa shan wannan azaba, don ko bai zo aski ba, bangon da ke tsakaninsu na katako ne.

To, akwai wani fim da layin nan kaf ke kira mai takalmi. Labarin wani kuku ne a jirgin ruwa, wanda ubansa ya ɓace a teku. A ƙarshen kashi na ɗaya an kulle kukun a ɗaki, sai ƙofa ta buɗe, sai ga ƙafafu sanye da takalmin uban. Hoto ya taso a hankali, ya kai gwiwa, sai ɗif, duhu. Na-Tafe da matarsa suka gan shi tare suna sabon aure. Har suka haihu, yarinya ta yi haƙori, ta yi tafiya, ta shiga makaranta, ba a san wa ke cikin takalmin nan ba. Na-Tafe ya zargi kowa: kyaftin, ƙanin uban, likitan jirgi, har wani aku da ya gifta sau ɗaya.

Ranar da aka saki tallan kashi na biyu, yana tsakiyar aski ya ajiye inji ya fita titi ba takalmi, ya rungumi wani mai tura ruwa da bai taɓa gani ba. Daga ranar abinci ya daina zama masa. Da yamma yakan zagaya ta gaban silima ya tsaya gaban allon talla, hannu a baya, kamar manomi ya je duba gona.

Sai matarsa, ma'aikaciyar jinya ce, mace mai magana ɗaya, ta shigo da nata sharaɗin.

"Maigida, tare muka ga na farko, tare za mu ga na biyu. Ranar da zai fito ina aikin safe. Ga tikiti nan biyu a jakata, na yamma."

"Na yamma? Uwargida, kafin yamma ai har kajin unguwa sun san mai takalmin!"

"To sai ka iya da kunnenka. Kuma Asabar ce, kar in ji ka rufe shago ka ɓuya a gida. In ka rufe, ƙanwata zan ba tikitinka, ita ma tana da ido."

Ya rantse. Amma da yake baki shi ke yanka wuya, washegari da kansa ya leƙa shagon Tela ya kwashe duk yadda suka yi ya faɗa masa. Tela ya tsayar da keken ɗinki, ya cire zare daga baki, ya yi wani murmushi mai sanyi.

"Wato ba za ka je na safe ba?"

"Ina fa."

"Allah sarki, mutumina. Allah ya kai mu Asabar."

Asabar ta zo. Na-Tafe ya buɗe shago, wanka biyu ya yi, sabuwar rigar da zai sa ya rataye ta a ƙusa cikin leda. Da ya leƙa ya ga shagon Tela da kwaɗo, sai ya gane silima ya tafi. Wajen azahar ya hango su tafe: Tela a gaba, bayansa duk wanda aka taɓa ɓata wa fim a kujerar nan, har da masu sanƙo da ba su da abin askewa. Suna tafe suna tafa hannu suna cewa, "Kai! Ashe haka ne!"

Na-Tafe ya daka tsalle ya wawuro audugar goge reza, ya danna a kunnuwa biyu har sai da ya ji ta a maƙogwaro. Ya ɗora abin jin waƙa a kai, ya naɗe da tawul. Wuta na nan lafiya lau, amma ya tayar da janareta ya jawo ta bakin ƙofa. Suka shigo suka cika benci. Bakin Tela na motsi, Na-Tafe na kallon rufi yana rera wata waƙa da ba ta da kai balle gindi.

Ya aske mutum ɗaya, ya aske na biyu, yana ganin ya tsira. Sai ga surukinsa ya shigo.

Tsohon nan direban babbar mota ne da ya ajiye aiki, kuma duk abin da ya mallaka a duniya, gashin bakinsa ne a gaba. Fari sol, mai kauri, gefe da gefe a murɗe kamar ƙahon rago. An ce tun kafin a haifi matar Na-Tafe reza ba ta taɓa shi ba. Duk sati yakan zo a rage masa suma, a ɗan daidaita bakin gashin da almakashi, shi ke nan. Na-Tafe ya durƙusa ya gaishe shi da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa, ya zaunar da shi a kujera mai lafiyar, ya ɗaura ƙyalle, ya kunna inji.

Tela ya ga kunne ya gagara, sai ya koma ido. Ya tashi ya tsaya daidai inda madubi zai ɗauke shi. Mai aski kuwa ba shi da mafaka daga madubi, can aikinsa yake. Tela ya cire takalminsa ya ɗaga sama. Ya nuna ƙafa. Ya nuna gwiwa. Ya fara tasowa da hannu a hankali, sauran suna bayansa sun riƙe ciki. Hannu ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, Tela ya gyara tsayuwa zai kwaikwayi tafiyar mutumin.

Na-Tafe ya runtse ido. Inji kuwa na hannunsa yana aiki.

Ya ji injin ya ɗan yi nauyi, kamar ya shiga ciyawa, sannan ya wuce sumul. Da ya buɗe ido ɗaya, sai ya ga wani farin abu kwance a kan ƙyalle kamar ɓeran da ya sha guba. Ya ɗaga kai. Rabin gashin bakin surukinsa na hagu babu shi, leɓen da bai ga rana ba shekara da shekaru yana ƙyalli.

Wani ya fita ya kashe janareta. Tela ya sauke takalmi a hankali.

Nan fa ake yin ta. Mutum ba ya ba surukinsa haƙuri da tawul a ka da auduga a kunne. Na-Tafe ya dubi benci, ya dubi rigarsa a ƙusa, ya dubi tsoho. Ya warware tawul, ya cire abin waƙa, ya zaro audugar, ta yi ta fitowa kamar ba za ta ƙare ba. Ya zube ƙasa.

"Baba, na tuba. Wallahi shaiɗan ne. Shaiɗan ne da Tela."

Tsoho ya dubi madubi. Ya juya fuska dama ya ga kansa na da, ya juya hagu ya ga wani yaro da bai sani ba. Ya shafa wurin.

"Ɗana, ka san daga ina nake?"

"A'a, Baba."

"Daga silima. Wannan maƙwabcin naka ya zo har gida ya ɗauke ni a babur. Ya ce kowa za ka iya toshe wa kunne ban da ni."

Tela ya matso yana murza hannu.

"Baba, faɗa masa! Ga kunnen nan a buɗe kamar ƙofar gareji. Dubi abin da ya yi maka!"

"Baba," in ji Na-Tafe, hawaye na gaske na zuba, "ka mare ni. Ka karɓe shagon. Ka aske min gira. Amma kar ka faɗa."

Tsoho ya yi gyaran murya. Ya buɗe baki, Na-Tafe ya dafe ƙirji.

"Da don kai ne, da tun daga bakin ƙofa na faɗa, da gashina na nan. Amma na san bakinka. In na faɗa maka yanzu, kafin 'yata ta cire kayan aiki ka faɗa mata. Ita me ta yi?" Ya juya ga benci. "Duk wanda ya ce uffan a kan takalmin nan, shi zai zauna nan, ni zan riƙe injin. Kai kuma tashi ka ƙarasa ɗaya gefen, ba zan fita titi da rabin fuska ba."

"Haba Baba, duk wahalar da muka sha?" in ji Tela.

"Je ka buɗe shagonka, mutane na jiran ɗinki."

Na-Tafe ya aske ragowar yana shessheƙa, tsoho kuma bai bar shi ya sha da daɗi ba. Ya ƙi tafiya gida. Ya koma kujera mai bulo ya zauna gadi har lokacin tashi, kuma duk sanda suka haɗa ido a madubi sai ya girgiza kai ya ce, "Hmm. Takalmin nan." Sai ya yi shiru.

Da yamma matar ta iso, ta gaida baƙon da ke zaune a ladabce, ta wuce shi, sannan ta dawo da baya ta saki jaka.

"Baba? Ina sauranka?"

"Tambayi mijinki a hanya. Ku tafi kar ku makara."

Ya shiga tsakiyarsu ya raka su har ƙarshen layi, yana harare-harare, ba wanda ya yi ko tari. A ƙofar silima Na-Tafe ya bi bayan matarsa ya riƙe gefen jakarta, kansa a ƙasa, yana ɗan gunaguni don kar ya ji hirar masu fitowa. Suka zauna. Aka kashe fitila. Ƙafarsa na kaɗawa har layin kujerun gaba ɗaya na rawa, wata mata a can ƙarshe ta tambaya ko jirgin ƙasa ne ke wucewa.

Ga ɗakin. Ga kuku. Ƙofa ta buɗe, ga takalmi. Hoto ya taso, ya kai gwiwa, wannan karon bai tsaya ba. Na-Tafe ya damƙe hannun matarsa har ta ce wash. Fuska ta bayyana.

Ya miƙe tsaye a tsakiyar mutane, hannu biyu a ka.

"Uwarsa ce! Jama'a, uwarsa ce! Wallahi ko a mafarki ban kawo ta ba!"

"Malam, mun gani, zauna!" aka ce daga baya.

Matarsa ta jawo shi ta wuyan sabuwar riga ya faɗo kujera, yana dariya yana share ido, yana ta maimaitawa ƙasa-ƙasa, "Uwarsa. Har aku na zarga, ban zargi uwarsa ba."