Ƙanƙara a Injin Jirgi, Ana Tsakiyar Zafin Hijaz

Ana sallame asuba muka bar unguwarmu Misfala a Makka, ni da ɗan ƙanwata da ya koyi tuƙin ƙaramin jirgin sama. Ba shan iska ya fito da ni ba. Uwarsa ce ta ce, "Yaya, je ka gani da idonka. In ka ce ya bar tuƙin nan, wallahi ya bari ke nan." Ni kuwa tun daga gida na gama yanke hukunci, hujja kawai nake nema.

A hanyar Jidda muka karya da ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis. Shayin salam, ga tsada, har mai shagon sai da na harara.

Filin jirgin yana kusa da teku. Jirgin kuwa, tasin unguwar Shisha ta fi shi fili. Na zagaya shi sau biyu ina ƙwanƙwasawa. Gumi ya manne mini riga, iska duk laima. Yaron ya dubi sama ya ce, "Kawu, yau sai mun kula da ƙanƙara." Na ce a raina, to, an fara tanadin ƙarya tun injin bai ba da kunya ba. Ƙanƙara a Hijaz?

Muka tashi. Muna bin gaɓar teku, kamar rabin awa, sai ƙarar injin ta fara ja da baya. Ya jawo wani ɗan maɓalli, wai iska mai zafi yake tura wa injin. Maimakon sauƙi, sai jirgin ya hau tari da karkarwa.

"Mayar da shi! Kai ka ɓata!" na daka masa tsawa, har na kai hannu.

Ya damƙe mini wuyan hannu, abin da bai taɓa yi ba. "Usbur, Kawu, yi haƙuri. Ƙanƙarar da ta taru a injin ce take narkewa, ruwan ne injin yake haɗiya. Masu mayarwa a nan su ake zuwa wa ta'aziyya."

Can sai ƙarar ta daidaita, kunya ta rufe ni. Shekara talatin ina gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a Makka. Sau nawa na ɓamɓare ƙanƙara daga bututu ana tsakiyar zafi? Na san abin sarai, zargi ne ya rufe mini ido.

Bayan la'asar muka shigo Misfala. Ƙanwata tana bakin ƙofa, ko sallamarmu ba ta gama amsawa ba.

"Yaya, akwai haɗari?"

Na ce, "Akwai kuwa, a damansa yake zaune, ni ne. Ki bar shi ya tashi."