Ranar da Baba Isiyaku Ya Tare Ni a Hanyar Funtuwa

Jama'a, abin da zan ba ku labari ni ya faru da ni, ba ji na yi a majalisa ba, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Shekara bakwai ko takwas ke nan, lokacin ina zaune a Kusfa cikin birnin Zariya, ina sayar da babura, ina kai su kasuwannin ƙauye ta hanyar Funtuwa.

A da a bayan a-kori-kura nake jibga su, kafin a isa wannan ya lotsa tanki, wancan madubi ya fashe, mai saye ya yi ta yatsina fuska. Sai na yanke shawarar sayen 'yar tirelar nan rufaffiya da ake ja da mota, wadda ƙofar bayanta ke saukowa ƙasa a tura babur ta kai, daga gaba kuma akwai ɗan wurin da mutum zai shimfiɗa tabarma ya huta. Na samu guda biyu 'yan Kwatano a Kaduna, to amma ni ban san kan ƙarfe ba, sai na ɗauki Baba Isiyaku, wani dattijo mai walda a Ƙofar Doka, abokin marigayi mahaifina.

Kai, mutumin nan Allah Ya ba shi sani! Ni idona na kan wata fara mai sheƙi, shi ko kallo ba ta ishe shi ba. Ya cire hula ya kwanta ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa shasi da ɗan guduma, ya fito yana kaɗe riga ya ce, "Ɗana, wannan tsatsa ta cinye ta, fenti ne ke riƙe da ita." Ya koma kan ɗayar, wata mummuna ruwan toka, ya duba tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya yi tsalle a kan daɓenta da tsufansa, ya karanta nauyin da aka rubuta za ta iya ɗauka, ya tambaye ni ƙarfin motata, har faɗinta sai da ya auna da taku, wai don kada ta maƙale a lungun gidanmu. Ya ce ita za mu ɗauka.

Kwana huɗu ta yi a garejinsa. Ya walda zobba a daɓe, ya yi wa kowane babur makarin da tayar gaba za ta shiga ta zauna daram, sannan ya koya mini ɗauri: igiya huɗu kowane babur, biyu gaba biyu baya, a danne gaban kaɗan kafin a ja, a rufe makunnin mai, masu nauyi su tsaya gaba da tayoyin tirelar don kada ta riƙa wutsiya a kan titi. Ya ce in na yi 'yar tafiya kaɗan in tsaya in sake taɓa komai da hannuna. Na ce to, Baba.

Ran tafiyar farko na loda babura biyar, na makara, ban bar gari ba sai bayan azahar. Gaskiya tafiyar ta yi daɗi, ko motsi ba na ji a baya, sai na ce a raina wace tsayawa kuma, na wuce Samaru na wuce Shika ban taka birki ba.

Na ɗan gota Giwa, rana na dukan ƙasa, ba gida ba gona kusa, sai na hango mutum a bakin titi yana ɗaga mini hannu da ƙarfi. Ina matsowa na ga Baba Isiyaku ne, da shuɗiyar rigar aikinsa mai ƙonan tartsatsi, da tabarau ɗin walda a goshi. Na gangara na tsaya, na ce, "Baba, lafiya? Me ya kawo ka nan?"

Ya yafito ni da hannu. Ya ce, "Sauko ka gani."

Ya kai ni mahaɗar tirela da mota, ya nuna da yatsa. Innalillahi! Fil ɗin da ke kulle mahaɗar ya karye, rabi ya faɗi, marfin ya ɗago, saura ƙiris ta zame, ga sarƙoƙin tsaro biyu kuwa ashe da gaggawa ɗaya kawai na maƙala. Ya zaro wani guntun rodi lanƙwasasshe daga aljihu ya soka a gurbin, ya gicciya sarƙoƙin a ƙarƙashi ya maƙala, sannan ya ce, "Buɗe baya, babur na uku daga ƙofa igiyarsa ta hagu ta saki." Tirela rufaffiya fa, ko taga babu a bayan. Na sauke ƙofa, wallahi haka na tarar, babur ya kwanta a jikin ɗan'uwansa. Na shiga na miƙar da shi na ja igiya, ina ta surutu ina godiya, ina cewa ya shigo in sauke shi inda za shi. Na fito, babu kowa. Na duba gabas na duba yamma, fili ne fetal, ba mota ba babur, sai iska.

Na ja mota na ci gaba. Ko mil ɗaya ban yi ba na iso wata gangara, a ƙasanta ana cin kasuwa, mata da masu rake sun cika bakin titi maƙil. Da tirelar nan ta ɓalle a gangarar da babura biyar a ciki, ni dai ban san da bakin da zan yi bayani ba.

Washegari da sassafe na nufi Ƙofar Doka. Kafin in ƙarasa na tsaya wurin mai kayan gyara da ke maƙwabtaka da shi, na tambaya ko Baba ya yi tafiya jiya. Ya ce wace tafiya, tare suka yi azahar, Baba ya dawo ya kishingiɗa a benci ya ɗan runtsa, tare kuma suka yi la'asar. Mutum uku na tambaya, maganarsu ɗaya.

Na sami Baba yana yankan ƙarfe, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, jiya na gan ka bayan Giwa."

Ya yi dariya ya ce, "Ni? Rabona da hanyar nan tun kafin azumi. Rana ce ta buge ka." Ya ci gaba da aikinsa. Har na miƙe zan tafi, ban ce masa komai game da abin da ya lalace ba, sai na ji ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ka kawo ta in sa mata fil na gaske. Rodin nan na wucin gadi ne."

Ban sake tambayarsa ba har Allah Ya karɓi abinsa, kuma har gobe ban san wanda ya tare ni ba.

Don haka 'yan'uwa masu jan kaya, in za ku sayi tirela ku tafi da wanda ya san ƙarfe, ku leƙa ƙarƙashinta. In kun ɗaure babura kun kama hanya, don Allah ku tsaya ku taɓa mahaɗa da sarƙa da kowace igiya da hannunku. Ni an tare ni sau ɗaya, kuma ko yanzu da nake rubuta wannan tsigar jikina tashi take.