Kwalaben Dakta a Ɗakin Ajiyata

Ina durƙushe gaban wata mata ina kama mata gefen siket, allurai cike da bakina, wayata ta yi ƙara a kan teburin yanka. Na leƙa na ga sunan 'yar ƙawata Dakta ne. Na tofar da alluran a tafin hannu na ɗauka, ina shirin yi mata tsiya, sai na ji muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Inna, Mama ta rasu." Na ce, "Wace Mama?" Sai ka ce biyu gare ta. Matar da nake wa awo ita ta zare wayar daga hannuna ta zaunar da ni a kan buhun ƙyallaye.

Duniya Dakta take ce mata, daga baya aka koma Farfesa. Ni kuwa Gishiri nake kiran ta tun muna firamare. Benci ɗaya muke zama. Wata rana ta roƙe ni zare, don tun lokacin ba a raba ni da zare da allura a aljihu. Ta jiƙa gishiri a kofi, ta rataya zaren a ciki, ta ɓoye bayan tagar aji. Da muka dawo daga hutu sai ga ƙwayoyin gishiri sun fito a jikin zaren, kowace da kusurwoyinta kamar an yanka da wuƙa. Ta riƙe numfashi tana kallo har aka kaɗa ƙararrawa. Ni abin da ya dame ni a mayar mini da zarena.

Karatuna bai yi nisa ba, na kama ɗinki. Ita ta wuce. Ta yi jami'a, ta fita waje ta yi digiri na uku, ta dawo tana koyar da ilmin sinadarai. Ta yi aure, mijin ya rasu da wuri ya bar ta da 'ya ɗaya. Duk wannan hawa da ta yi bai sa ta canza tela ba. Kayanta ba sa rabuwa da ƙananan huji inda ruwan gwaji ya fantsama, ta kawo mini ta ce, "Uwar Zare, taimaka, ɓera ya sake ci." Na ce, "Wannan ɓeran naki dai da digiri yake yawo."

Na sha tambayar ta abin da take yi a wurin aiki, ta sha yi mini bayani, har wata rana ta dace da wanda ya shiga kaina. Ta ce keji take ginawa, ƙarami ƙwarai, wanda ido ba ya gani, madubin likita ma ba ya gani. Kusurwoyinsa na jan ƙarfe ne, sandunansa wani sinadari ne da take haɗawa da kanta. Ba ta ɗaure su, ba ta manna su. Zuba su take a ruwa ɗaya, kowane ya nemi gurbinsa ya zauna. Na ce, "Da yadi zai ɗinka kansa haka da na huta." Ta ce ramin da ke tsakiyar kejin daidai girman ƙwayar dalma ta auna shi, dalmar nan da ke shiga ruwan sha ta lalata ƙwaƙwalwar yara. In ta yi daidai, kejin zai kama dalma ya bar sauran.

Matsalar ita ce ba ta taɓa ganin sa ba. Duk alamu sun nuna mata yana nan, ruwan yana komawa shuɗi yadda ta zata, amma masana ba sa karɓar zato. Sai kejin ya taru ya zama ƙwaya mai kusurwa irin ta gishirin nan, sannan a sa ta a wani inji da ke haska ta kamar yadda ake hoton ƙashi a asibiti, a ga siffarsa da abin da ke cikinsa. Ƙwayar kuwa ba ta fitowa sai a wurin da babu motsi ko kaɗan. Ɗakin gwajinsu yana jikin ɗakin janareto. Da an tayar da shi tebura su kama rawa, abin da ke kwalba ya zube ƙasa kamar gari.

Haka kwalaben suka zo gidana. Bayan shagona akwai ɗakin ajiya mai kaurin bango, ba taga, sanyi ƙalau ko da rana ta take. Ta shigo neman wani tsohon yadi, ta tsaya tsakiyar ɗakin ta dafa bango, ta ce, "Uwar Zare, ba ni aron nan." Washegari ta zo da ƙananan kwalabe, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba, jere a kwalin ƙwai. Ta sa kwaɗo a ƙofar saboda yara, ta ba ni makulli ɗaya. Ta sa na janye keken ɗinkina zuwa bakin titi. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, mutum ne mai buga ƙofa, sai da ya koyi rufe ta da hannu biyu. Yana cewa, "A gidana, da kuɗina, ina sanɗa saboda 'ya'yan Dakta suna barci." Sunan ya bi su. Ko kwastomomina in sun zo sai su tambaya, "Ya 'ya'yan Dakta, sun fito?"

Ba su fito ba. Shekara ta bi shekara. Duk ƙarshen mako takan zo da 'yar tocila, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa ta haska kwalaben ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta taɓa ba. Ta fito ta ce, "Gari ne." Sai in zuba mata shayi, ta miƙe ƙafa a kan tabarma ta ba ni labarin ɗalibanta: wanda ya fasa mata kwalba ya ɓoye a aljihu, da wadda ta fi ta ƙwaƙwalwa amma tsoron magana take. A wasu ayyukan ta yi nasara, an buga rubuce-rubucenta, ɗalibanta sun zama malamai a wurare da yawa. Wasu abokan aikinta sun ce ta bar kejin nan, ya cinye mata ƙuruciya. Ta ce mini, "Ba na jin haushinsu, gaskiya suka faɗa. Amma ni na zana shi, Uwar Zare. So nake in gan shi ko sau ɗaya."

Daga baya zuciyarta ta fara ba ta wahala. Ƙafafunta suka riƙa kumbura, matakala biyun da ke ƙofar shagona sai ta tsaya ta huta a kansu. Durƙuso ya gagare ta, na kai mata kujera 'yar tsugune cikin ɗakin. A kan kujerar take ranar da na ji shiru ya yi yawa. Na leƙa a tsorace. Ta ɗaga mini hannu alamar kada in motsa, ta ce da raɗa, "Zo a hankali." A gindin wata kwalba, inda hasken tocila ya sauka, akwai abu shuɗi, bai kai ƙwayar sukari ba, yana walƙiya ta gefe-gefe. Na ce, "Wannan ɗan mitsitsin ne ya hana mijina buga ƙofa?" Ta toshe bakinta da gyale kada dariya ta girgiza kwalaben, hawaye na zuba.

Injin da zai haska ƙwayar yana wata jami'a a birni mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Likita ya riga ya hana ta doguwar tafiya. 'Yarta ta zo har shago ta ce, "Inna, ke kaɗai take jin maganarki. Ɗalibanta za su iya kaiwa, su turo mata hoton." Na je gidanta na same ta. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce in ta tafi kada ta ƙara kawo mini ɗinki. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "In 'yarki ta haihu, hoto za ki ce a turo miki?" Na ja kujera na zauna kusa da ita. Ta ce, "To ki ɗinka mini 'yar jaka mai auduga a ciki, wadda kwalbar za ta zauna a tsaye ba ta jijjiga ba." Na ɗinka. Na yi mata maɗauri yadda za ta rataya a wuya ta riƙe a ƙirji. 'Yarta ta ɗauki hutu ta raka ta.

Sun isa lafiya. An haska ƙwayar. Washegarin ranar da safe, a masaukin baƙin jami'ar, 'yarta ta je tashin ta ta tarar rai ya yi halinsa.

Har yanzu sauran kwalaben suna ɗakin. Ɗalibarta mai tsoron maganar nan ta ce za ta zo ta kwashe, na ce ba gaggawa. Keken ɗinkina yana bakin titi inda ta sa na ajiye shi, rana na dukana da yamma, ban mayar ba. Ƙarshen mako shi ya fi mini wuya. Ina jin mota ta rage gudu a ƙofar shago sai in ɗaga kai.

Ranar da aka haska ƙwayar, ana gobe za ta rasu, da la'asar ta kira ni. Ina jin ƙugin injin a bayanta, numfashinta na fita da ƙyar, amma muryar ta yarinyar nan ce ta bayan tagar aji.

"Uwar Zare, na gan shi."

"Alhamdu lillahi! Yaya yake?"

"Yadda na zana shi. Kusurwa ba ta kauce ba ko ɗaya. Ga shi nan yana juyawa a allon kwamfuta, kamar fitilar da aka saƙa da waya."

"Dalmar fa, tana ciki?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ba ta shiga ba. Tana bakin ƙofa a maƙale. Ruwa ne ya riga ta zama a ciki."

"Kai, Gishiri! Duk shekarun nan?"

"Ke ba ki gane ba. Yanzu na san ƙofar ce ta yi ƙunci. Sai a buɗa ta kaɗan, ɗalibaina za su iya."

"To kin gani, hankali ya kwanta. Kin sha maganinki?"

"Na sha, uwata."

"Yaushe za ku kamo hanya?"

"Jibi, in Allah ya so. Bar ni haka nan, akwai mai jiran kujerar, ina so in ƙara kallon sa kafin a tashe ni."

Na ce, "Je ki kalla."