Juma'ar da Rigakafin Shanu Ya Hau Motar Kifi

Akwai wata Juma'a a tsakiyar damina da har yau ba ta fita daga raina ba, kuma tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in miƙa makullan ofis, ita zan ba ku. Wasunku sun ji gutsurenta a bakin direbobi, su kuwa sun zuba mata gishiri har ta daina ciwuwa.

A lokacin ina mataki na goma sha biyu, ina riƙe da sashen ajiya na hukumarmu a nan Abuja. Ga sababbin zuwa: mu ne muke karɓar alluran rigakafin dabbobi, mu adana su a ɗakin sanyi, sannan mu raba wa likitocin dabbobi idan lokacin allura ya zo. Maganin nan ba ya jure zafi. In ya ɗumama ya zama ruwan banza, kuma ido ba ya ganewa. Sai an yi wa saniya, makiyayi ya saki jiki, cuta ta zo ta share masa garke.

A shekarar aka kawo mana sabon darakta, mutum mai son ci gaba, musamman irin wanda ake hawa jirgi a je a koyo. Ya je wani kwas a ƙasar waje, ya dawo da bayanin cewa kowane ma'aikaci yana da hanyar da jininsa yake bi idan matsala ta taso. Akwai mai bincike, wanda ba ya motsi sai ya tambaya. Akwai mai tsari, wanda sai ya jera komai. Akwai mai kutsawa, wanda yake faɗawa cikin abu tukuna ya yi tunani daga baya. Sai mai hannu, wanda sai ya taɓa abu yake fahimtarsa. Maganar ba ƙarya ba ce. Abin da aka yi da ita ne labarin.

Aka ɗauko wani ƙwararre mai kwat da na'urar haska bango, aka kai mu otal, aka ce kowa zai amsa tambayoyi a gano nasa jinin. Sai dai tun kafin mu hau bas, sakatariyar Darakta ta riga ta raɗa wa mutum ɗaya, wato ta gaya wa kowa, cewa Oga da aka gwada shi mai kutsawa ya fito, kuma ya ce irinsu ne shugabannin gobe. Ta ƙara da cewa mai hannu kuwa, a fahimtarta, lebura ake nufi.

Kun san ma'aikacin gwamnati. Ba ya amsa tambayar da aka yi masa, yana amsa wadda za ta kai shi mataki na gaba. Da sakamako ya fito, yawancin hukumar masu kutsawa ne. Mutanen da fayil yake kwana wata guda a teburinsu, duk jarumawan gaggawa. Mai hannu kuwa ko ɗaya ba a samu ba, a ma'aikatar da ke da janareta da motoci da ɗakin sanyi. Aka raba wa kowa igiyar wuya mai launin rukuninsa, muka dawo ofis kamar 'yan wasan makaranta.

Mutum uku ne za ku riƙe. Ta farko Madam Rifkatu, wadda ke kula da shiga da fitar kaya, macen da ko cokalin shayinta yana da wurin kwanansa a durowa. Ita ma ta bi iska ta fito mai kutsawa, sai Darakta ya naɗa ta shugabar kwamitin ko-ta-kwana. Na biyu Malam Sabo, makanikenmu, wanda daga ƙarar janareta yake sanin abin da ke damunsa. Don gudun a kira shi lebura ya zaɓi amsoshin masu karatu, ya fito mai bincike. Aka ɗauke shi daga ɗakin inji aka ba shi tebur a sashen tsare-tsare, aka ba wani ɗan kwangila kula da janareta. Na uku Garba, jami'in sufuri, wanda yake fara amsa maka kafin ka gama tambaya. Shi bai yi ƙarya ba, bai ma karanta tambayoyin ba. Ya bi layin farko ya yi ta dangwalawa don ya riga kowa zuwa wurin abinci, sai ya fito mai tsari. Aka danƙa masa jadawalin sayen dizal.

Ni kuwa ban samu igiya ba. Tambaya ta farko ta ce, idan matsala ta taso me kake fara yi? Na ɗaga hannu na tambayi ƙwararren wace irin matsala, ta gida ko ta ofis. Ya ce kowace iri. Na ce ai ba ɗaya ba ne. Muna kan haka lokaci ya cika. Ya rubuta cewa ba a gano rukunina ba, ya ba da shawarar a sake gwada ni.

Ranar Juma'ar, muna dawowa daga masallaci aka yi iska da ruwa mai ƙarfi, aka ɗauke wuta. Wannan ba labari ba ne. Labarin shi ne janareta ya yi tari ya mutu, aka sake tayar da shi ya ƙi. Ɗan kwangilar yana wani biki a garinsu, wayarsa a kashe. A ɗakin sanyi kuwa akwai dukan maganin da za a fara yi wa shanu ranar Litinin a karar Dei-Dei, wato kasuwar shanu, da rugagen da ke wajen Sheda. An riga an sanar da makiyaya, wasu sun taso da garkensu daga nesa. Na duba ma'aunin sanyi na ga ya fara hawa, na je na gaya wa Darakta.

Ya yi abin da daraktoci suke yi, ya kira taro. Muka zauna a ɗakin taro cikin duhu-duhu, kowa da igiyarsa a wuya ban da ni. Ya dubi Madam Rifkatu.

"Madam, wannan ranarki ce. Ki yanke shawara yanzu, ba sai kin yi dogon tunani ba."

Madam ta gyara gilashinta, ta daidaita bironta da gefen tebur. "Oga, a rubuce za a ba ni umurnin, ko in fara rubuta memo in kawo ka sa hannu?"

"Ki bi jininki kawai."

"To jinina ya ce a rubuta memo, Oga."

Ya juya ga Malam Sabo ya ce ya binciko musabbabin matsalar ya kawo rahoto. Malam Sabo yana riƙe da biro kamar an ba shi ajiyar maciji. Idonsa yana kan tagar da ke kallon ɗakin inji. Garba kuma aka ce ya zana matakan da za a bi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce to, amma waya tana kunnensa, yana magana ƙasa-ƙasa da wani da yake kira Alhaji.

Ni na tambayi abin da ya dame ni: shin duka maganin iri ɗaya ne wajen jure zafi, kuma wanne zai fara lalacewa? Darakta ya ce, "Malam Habu, kai ba ka da rukuni tukuna. Ka saurara."

Ana cikin muhawarar ko kwamitin yana da hurumin taɓa janaretan da ke hannun ɗan kwangila, sai Malam Sabo ya miƙe. Bai nemi izini ba. Ya tuɓe babbar rigarsa ya ɗora a kan kujera ya fita da singileti. Da muka waiga, kujerar Garba ma babu kowa. Taron ya watse da kansa, ba wanda ya rufe shi da addu'a.

Na koma ofishina na kira wata likitar dabbobi da muka saba aiki tare. Na yi mata tambayoyi har ta ce, "Malam Habu, jarrabawa kake yi mini?" Amma na samu abin da nake nema. Maganinmu kashi biyu ne. Na gari, wato busasshe kamar hoda, wanda ake haɗawa da ruwa ranar allura, yana son sanyi mai tsanani, ko ƙanƙara ba ta dame shi ba. Na ruwa kuwa sanyi yake so daidai, in ya daskare ya mutu kamar yadda zafi yake kashe shi.

Ina fitowa na tarar da wata babbar mota mai firji ta shigo harabar da baya, tana ɗigar da ruwa, ƙarni ya cika ko'ina. Garba ya samo ta wurin wani dillalin daskararren kifi a Kado. Ba takarda, ba izini, ba a ma yi ciniki ba. Kuma kafin kowa ya iso har ya sa masu gadi sun fara loda kwalaye, sun manna su a jikin bangon da ya fi ƙanƙara.

Na ce, "Garba, wane iri ka sa a can ciki?"

"Magani mana. Ba sanyi ake nema ba?"

Na ruwa ne. Muka fito da su, amma layin da ya jingina da bango ya riga ya fara daskarewa.

A nan Madam Rifkatu ta iso, kuma ba matar da ta daburce a ɗakin taro ba ce. Ta tsaya a ƙofar ɗakin sanyi ta ce ba kwalin da zai sake fita sai ta gani. Na gaya mata bambancin kashi biyun, ta saurara sau ɗaya. Ta sa aka jera na gari can ciki, na ruwa kusa da ƙofa a kan katako, aka rage ƙarfin firjin. Ta jera mu layi muna miƙa wa juna kwali, ta ware waɗanda suka daskare gefe ta yi musu alama don kada su koma cikin masu kyau. Darakta ya zo yana ba da shawara, ta ce, "Oga, ka tsaya nan, ka karɓa daga hannun Malam Habu ka miƙa wa Garba." Ya tsaya kuwa. Ban taɓa ganinsa ya yi aiki mai amfani kamar na wannan yammacin ba.

Kafin magariba muka ji janareta ya tashi. Malam Sabo ya fito baƙi ƙirin har gwiwar hannu, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir. Ya ce tankin ya kusa ƙafewa, injin ya zuƙo ruwa da dattin ƙasa, sai da ya wanke matatar mai, ya zuƙo dizal daga motar ofis. Aka tambayi yadda tanki ya ƙafe alhali akwai jadawali. Garba ya ce jadawalin yana nan, ya fara shi da kyau, sai wasu abubuwa suka taso.

Da ɗakin ya sake yin sanyi muka mayar da kayan. Madam ba ta kama hanyar gidanta a Nyanya ba sai da ta ga kwali na ƙarshe a mazauninsa, ta tafi ta faɗa cunkoson Juma'a. Mun yi asarar wani kaso na maganin ruwa, kuma saboda haka rugage biyu suka jira sabon kaya na makonni, da fargabar da ke cikin wannan jira. Sauran ya tsira. Ranar Litinin a Dei-Dei wani dattijon dillalin shanu ya shinshina kwali ya tambayi likita ko gwamnati ta fara yi wa shanu allurar kifi ne.

Yanzu ku ji yadda aka rubuta abin a sama. Darakta ya aika rahoto cewa sabon tsarin gano baiwar ma'aikata ya ceci maganin hukuma. Aka yaba wa Madam Rifkatu a matsayin mai kutsawa da ta yanke shawara cikin gaggawa. Aka yaba wa Malam Sabo bisa zurfin bincikensa, aka mayar da shi teburinsa, inda ya ci gaba da ramewa har ya nemi canjin wurin aiki. Garba ya samu takardar tuhuma biyu, ɗaya ta dizal, ɗaya ta shigo da motar waje ba izini. Ta dizal ya cancanta, ko da yake wanda ya ba shi jadawalin ya fi shi cancanta. Ta motar kuwa, ba don ita ba da ba abin da za a rubuta rahoto a kansa. Ƙwararren aka sake gayyatarsa ya horar da sauran sassa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi zan bar muku. Kowannenku yana da abin da yake fara yi idan abu ya ɓaci, kafin a ba shi umurni, kafin ya tuna wa ke kallonsa. Wani waya yake ɗauka, wani hannun riga yake naɗewa, wani tambaya yake yi. Wannan shi ne jarinka, kuma shi ne inda za ka yi ɓarna in aka bar ka kai kaɗai. Garba shi kaɗai da ya daskarar da maganin duka. Ni kaɗai da har yanzu ina kan waya da likita. Don haka ka san naka, kada ka ji kunyarsa, kada ka sayar da shi don wani muƙami da zai zame maka kurkuku. Ka kuma san na maƙwabcin teburinka, domin ranar da wuta ta ɗauke shi za ka nema, ba sunan da ke rubuce a ƙofarsa ba.

In kuma wani sabon oga ya dawo daga kwas ya ce zai gano muku ko ku su wane ne, ku ba shi haɗin kai, ku ci abincin otal ɗin, yana da daɗi. Amma kafin ku hau bas, wani ya leƙa tankin dizal.