Carbin Baba da Igiyar Fatsa

Ina aji ɗaya a sakandare ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba. Ya tashi daga jinyar, amma hannunsa na dama bai dawo daidai ba. Yatsun suna motsi, dantsen ne ya ƙi biyayya. In ya miƙa zai ɗauki kofi sai hannun ya fizge, shayi ya zube a tire. Ya bar aiki, ya samu kujera kusa da taga a flat ɗinmu na gidajen gwamnati a Tottenham, can ƙasar Turawa, ya zauna. Daga sallah sai kallon motoci.

Abokan aikinsa sun sha jin labarin yadda yake kama tarwaɗa a Yawuri yana yaro, don haka kyautar sallamar da suka kawo masa sandar fatsa ce, doguwa siririya, da ƙaramin gwangwani cike da ƙugiyoyi. An ɗaure wa kowace gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro. Da su Turawa suke yaudarar wani kifi mai ɗigo-ɗigo da suke kira trout. Ba tana, ba tuwo, sai dai mutum ya motsa ƙugiyar cikin ruwa har kifin ya zaci abu ne mai rai.

Sandar ta daɗe a bayan ƙofa. Wata Asabar Umma ta ɗauko ta.

"Malam, ko dai ka fita da abin nan, ko in yi shanya da shi," in ji ta. "Kuma ba za ka je bakin ruwa kai kaɗai ba. Ga Mamanka nan, ta raka ka."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Mamana. Ni yarinya ce mara magana. A makaranta in malama ta kira ni sai kunnuwana su ɗau zafi. A gida ina jin Hausa sarai, amma da Turanci nake amsawa, shi ma a taƙaice.

Haka muka fara zuwa manyan tafkunan da ke bayan tashar jirgin ƙasa, inda ake tara ruwan sha na gari. Baba ya koyi jifa da hagu, igiyar ba ta yin nisa amma tana sauka. Wurin jawowa ne matsalar take. Da farko ya yi irin ta gida: ya jefa, ya zauna yana jira. Ƙugiyar ta nutse ta kwaso ciyawa. Da ya ga samarin da ke gefe suna jan igiya da dogon hannu, sauri-sauri, sai ya ce ashe abin ƙarfi ne. Ya riƙa gwadawa da hannun nan mai ciwo. Ya ja, hannun ya fizge, igiyar ta suɓuce, ya sunkuya ya lalubo ta.

Ni aikina riƙe fulas da kallo. Daga saman gangaren simintin da ke bakin tafkin nakan ga wata inuwa ta biyo ƙugiyar Baba, in ƙugiyar ta yi wannan fizgar sai inuwar ta juya ta ɓace. Ban taɓa faɗa masa ba.

Akwai wani tsohon Bature mai hular ulu da yake tsayawa nesa kaɗan da mu. Gaisuwarsa gyaɗa kai ce kawai. Ba ya sauri, amma jakarsa ba ta komawa gida wayam. Na lura gwiwar hannunsa manne take da haƙarƙarinsa, yatsu kaɗai ke aiki. Babban yatsa da manuni su tsinko igiyar kaɗan, tafin ya juya, ƙaramin yatsa ya karɓa, igiyar tana taruwa a tafinsa. In ƙugiyar ta iso bakin gaɓa ba ya fizge ta. Yakan ɗaga sandar a hankali, ya ɗan dakata. Sau da yawa a nan kifi yake cafkewa.

Kaka ta kusa ƙarewa, sanyi ya fara shigowa, Baba bai kama ko ɗaya ba. Wata safiya muna cikin bas ya ce, yana kallon taga, "Yau ce ta ƙarshe, Mamana. Wannan wasan na masu hannu biyu ne. Zan ba yaron maƙwabta sandar."

Na san abin da ke jiransa in ya bayar. Kujerar nan ce. Na ce "Okay, Baba."

Da azahar ya shimfiɗa kwat ɗinsa a kan ciyawa ya yi sallah, sannan ya zauna yana jan carbi. Na zuba masa shayi ina kallon hannunsa. Hannun nan da ya kasa riƙe kofi yana kwance a cinyarsa, ba rawa, yatsun suna tura ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Na waiwaya na dubi tsohon Baturen. Na sake duban Baba.

Na buɗe baki zan yi Turanci, sai na ga ban san yadda ake ce wa carbi da Turancin ba.

"Baba, ka ja ta kamar carbi."

Ya ɗago. "Me kika ce?"

"Igiyar. Kada ka ja da hannu duka. Da yatsu kawai, kamar carbi. Haka tsohon can yake yi."

Ya daɗe yana kallona. "Yau kuma Hausa muka samu?" Ya yi dariya, irin wadda na kwana biyu ban ji ba. "To kifin nan almajirin wane malami ne, da zai biyo carbi?"

Amma ya tashi. Ya jefa, ya manne gwiwar hannunsa a jiki, ya fara tsinko igiyar da yatsu. Da farko ta cukurkuɗe masa. Ya warware ya sake. Can na ga kafaɗunsa sun sauka, leɓɓansa ma suna motsi, ban sani ba ko ya lura. Jifa ya yi ta yi, shiru. Yatsuna sun ƙage da sanyi. Sai na hango inuwar ta biyo, wannan karon ba ta juya ba, har gab da siminti.

"Kada ka cire," na ce. "Ɗaga a hankali. Tsaya."

Ya tsaya. Ruwan ya kumbura, sandar ta lanƙwashe.

Baba ya yunƙura zai fizga irin ta Yawuri, inda ake wurgo tarwaɗa kan tudu. Tsohon Baturen ya riga ya iso da ragarsa, ya ce masa da Turanci ya bi a hankali, ya bar kifin ya gaji da kansa. Ranar muka fara jin muryarsa. Da kifin ya shiga raga ya miƙa wa Baba hannu. Baba ya ba shi na daman, Baturen ya riƙe shi sosai kafin ya koma wurinsa.

A gida Umma ta soya kifin da yaji. Ta ɗanɗana ta ce, "Duk wahalar nan a kan wannan? Ko rabin tarwaɗa bai kai ba." Ta ƙara wani yankin a farantinta.

Baba ya cire mini ƙaya daga nawa, da yatsun nan, a hankali. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Mamana." Umma ta ce amin.

Har yau ina gode wa tsohon nan da ban taɓa sanin sunansa ba, da ya bar wata yarinya ta tsaya tana kallon hannunsa bai taɓa hararar ta ba. Ina gode wa Umma da barazanar shanyarta.

Da na kwashe kwanuka na tarar da Baba a bakin ƙofa yana goge sandar da tsumma. Ya ce in tambayi mai gadin tafkin ko suna rufewa da hunturu, in kuma suna rufewa, yaushe za su buɗe.

"Ni zan tambaya?" na ce.

"Ke mana. Ai yanzu kin iya magana."