Baƙon Tsuntsu a Yashin Binuwai

Ran wata Asabar ta watan Janairu, shekarar da nake aji huɗu a Garwa, malaminmu ya jera mu biyu-biyu ya kai mu bakin Binuwai kallon tsuntsaye. Ruwa ya janye, yashi ya fito fari fat, sanyi na cizon yatsun ƙafa. Can tsakiyar kogi fararen tsuntsayen ruwan nan masu tokar kai da jan baki sun yi garke, duk sun fuskanci iska. Metir muke ce wa malamin, wani dogo ɗan kudu mai madubin hangen nesa da littafi mai zanen tsuntsaye. Shekara uku yana neman guda ɗaya, babba, mai baƙin baya da rawayar ƙafa, wanda ya ce daga ƙasar Turawa yake zuwa da sanyi ya saje cikin garken. Ya yi alkawari duk wanda ya nuna masa shi zai rubuta sunansa a littafin, kusa da zanen. Allah ya sani ina son ganin sunana a wurin nan.

Ni kuwa na san tsuntsun. Kowace Alhamis da ba makaranta nakan bi kakata, Inna Delu, zuwa wanki. In mun shanya zannuwa a kan yashi mun danne su da duwatsu, sauran 'yan mata su shiga carafke, ni in kwanta rub da ciki ina kallon garken. Inna ce ta koya mini. "Kada ki ƙirga su, 'yar nan," takan ce, "nemi wanda bai yi kama da kowa ba." Da haka na gano shi. Ya fi sauran tsawo, a gefe yake tsayawa shi kaɗai, in jirgin masunta ya gitta kowa ya watse shi ne ƙarshen tashi. Da na nuna mata, cewa ta yi, "Baƙo raɓa ne, kalle shi tun yana nan."

Amma makarantarmu tana da doka. A gida Hausa, a kasuwa Fillanci, a gaban Metir Faransanci kawai. Wanda bakinsa ya kuskure, a rataya masa sambol, wani ƙashin saniya mai ɗoyi da aka ɗaura wa igiya, shi ma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani. Wanda aka tashi da shi a wuya, bulala ce tasa.

Ranar nan na hango shi a ƙarshen yashi, Metir kuwa ya juya madubinsa wani gefe dabam. Na lalubi Faransancin a kaina, ya gudu ya bar ni. Ga tsuntsu ya fara miƙa fukafukai. Ban san sanda na ƙwala ihu ba: "Metir, ga shi can! Mai baƙin bayan!" Hamadu, wanda ƙashin ke wuyansa tun safe, ya daka tsalle don murna ya zura mini shi. Metir ya sauke madubi ya dube ni, ni ɗin, ba kogin ba, ya ce nan ba kasuwa ba ce. Ba ya jin Hausa, bai kuma tambayi abin da na ce ba. Yara talatin sun ji, kowa ya ja bakinsa. Ran Litinin na sha bulala shida a tafin hannu.

Kafin hannun ya sace, maganar ta dawo mini da Faransancinta tsaf. Na haɗiye ta. Tsuntsun ya zauna har zafi ya shigo, ina ganinsa duk Alhamis, ina ganin Metir yana sintiri a gaɓa, zuciyata na cewa nema dai. Bayan shekara biyu aka yi masa canji zuwa Maruwa, bai gan shi ba. A lokacin har daɗi na ji.

Yanzu an yi wa kogin dam, yashin ba kamar da ba, idona ma ya yi rauni. Jikokina suna Hausa a filin makaranta ba mai taɓa su, ina murna, ina kuma jin haushin da ban san inda zan kai shi ba. In na ba su labarin sai su ce wa ya gani, Hajiya? Inna Delu ta daɗe a ƙasa. Mutum ɗaya da zai gaskata ni, shi na hana gani.